Musu a Kan Macijin Kusugu

Akwai wata irin gardama wadda 'yan Adam ba su gajiya da ita, ko da yake ba ta ƙara dami a rumbu, ba ta kuwa biyan bashi. Ita ce gardama a kan labarin da ba wanda ya ga aukuwarsa. Wani ya ce jarumin ya iso garin da tsakar dare, wani ya ce da almuru ne. Wani ya ce jikokinsa shida, wani ya ce bakwai. Murya ta tashi, jijiyar wuya ta fito, har barci ya raba su, kowa ya tafi gida yana kan bakansa. Mai hankali da ya tsaya gefe yakan ce, ashe wannan ba ɓata lokaci ba ne? Tambayar ta isa a amsa ta, gama a ƙarƙashinta akwai wata wadda ta fi ta nauyi: wane hakki labari yake da shi a kan mai ba da shi, wane hakki kuma maƙwabci yake da shi a kan mai gardama? Ba inda wannan al'amari ya fi fitowa fili kamar ƙauyukan Hausawa na ƙasar Sudan, inda labarin asali ya yi tafiya mai nisa, inda kuma lissafin shekaru ya zama maganar gona da rai.

Hausawan bakin Nilu

Tun ƙarnuka da dama mutanen ƙasar Hausa suke bin hanyar gabas da ƙafa zuwa Makka, ta Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan. Tafiya ce ta shekaru. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya tsaya ya yi ƙodago ya tara wani, waɗansu kuwa tsayawar ke nan. Babban ayari ya zo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas da jama'a mai yawa, aka tare shi a Burmi, aka kashe shi a can ran 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, Fulani da Hausawa, har suka kai bakin Shuɗin Nilu. A nan, wajen 1906, ya kafa garin da har yanzu ake kira da sunansa, kudu da Sinnar.

Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, wato ƙasar da take tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Hartum. Auduga tana son hannu, sai mutanen yamma suka shiga aikin shuka da noma da tsinka. Da yawa suka zauna a matsugunan ma'aikata da ake ce wa kambo, a gefen ƙauyukan masu gonaki. Mutanen ƙasar suka haɗa su duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, suna kiransu Fallata. Wani masani, C. Bawa Yamba, ya buga littafi a kansu a 1995, ya nuna cewa akwai jikoki da tattaɓa kunne waɗanda aka haifa a Sudan, amma har wa yau suna cewa su matafiya ne, suna kan hanyar Makka.

Mutum in zai yi ƙaura yakan bar rumbu da rijiya, amma labari ba shi da nauyi, yana bin mai shi duk inda ya tafi. A gida, Badauri yana jin labarin Bayajida daga bakin Daurawa, Bagobiri daga bakin Gobirawa, kowa yana tsammani yadda ya ji shi ne yadda yake. A bakin Nilu kuwa Bakano da Bakatsine da Bagobiri da Badamagare danga ɗaya ce ta raba gidajensu. Abin da kakar wannan ta faɗa masa sai ya ci karo da abin da kakar wancan ta faɗa. Duk inda aka sami haka, musu ba ya rasa itacen hura wuta.

Abin da ake musu a kai

Gundarin labarin sananne ne. Wani ɗan sarki, Bayajida, ya baro Bagadaza ya sauka Borno, ya auri 'yar sarki. Da zama ya ɓaci ya gudo yamma, ya bar matarsa a Garun Gabas, inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa makami. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce babu, gama maciji ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, ta kuma ba shi kuyanga. Kuyangar ta haifi Karɓagari, sarauniyar ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida, waɗanda suka sarauci Daura da Katsina da Kano da Rano da Zazzau da Gobir, in an haɗa da Biram, su ne Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuwa aka ce musu Banza Bakwai.

Daga nan hanya take rabuwa. Maciji ne ko macijiya? Sunansa Sarki ne ko Ki? Wuƙa maƙeran Gaya suka ƙera ko takobi? Sunan Bayajida daga "ba ya ji da" ya fito, domin ya zo bai iya Hausa ba, ko kuwa Abu Yazidu ne harshe ya lanƙwasa? Ya bar takalminsa a bakin rijiya, ko kuwa kan macijin kaɗai ne shaidarsa? Su wane ne Banza Bakwai? An fi jin Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da Gwari da Yarabawa da Kwararrafa, amma jerin yakan sauya daga baki zuwa baki.

Musun da ya fi zafi shi ne na shekaru. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka kammala rubutawa da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, ya faɗi yawan shekarun da kowane sarki ya yi, amma bai sa shekarar hawansa ba. Wani Baturen mulki, H. R. Palmer, wanda ya fassara shi a 1908, shi ne ya yi ta tara shekarun yana komawa baya, har ya sa Bagauda ɗan Bawo a shekara ta 999. In jika ya hau gado a 999, to, kaka yana wajen 940 ke nan. A daidai wannan zamani kuwa akwai wani Abu Yazidu da ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka. Sai waɗansu suka ce, ai shi ne. Amma masu ja suna da hujja. Wannan Abu Yazidu ba mutumin Bagadaza ba ne, daga kabilun Barbar yake, ya mutu a hannun abokan gabansa a 947, bai taɓa ganin Daura ba. Laƙabinsa ma mai jaki, Bayajida kuwa a kan doki ya zo. Har wa yau, a zamanin nan sarakunan Saifawa suna Kanem, gabas da Tafkin Chadi. Ba su ƙaura Borno ba sai ƙarshen ƙarni na 14, Birnin Gazargamu kuwa sai wajen 1470 aka gina shi. Wane Sarkin Borno ne, ke nan, ya ba Bayajida 'ya? Akwai kuma tambayar da yaro mai wayo yakan jefa, ta sa manya dariya: in mutanen Daura ba su san Musulunci ba tukuna, ina macijin ya san Juma'a?

Ba Hausawa kaɗai ba

Kada mai karatu ya zaci wannan hali na mutanen ƙauye ne, ko na marasa boko. A Ingila an yi malaman jami'ar Oxford biyu, J. R. R. Tolkien da C. S. Lewis, abokan juna, waɗanda kowannensu ya ƙago duniya tasa, da ƙasashenta da sarakunanta da zamananta. Masu ƙaunar littattafansu sun fi shekara saba'in suna musu a kansu kamar yadda ake yi a kan Kusugu.

Tolkien ya buga The Hobbit a 1937. A bugu na fari, wata halitta mai suna Gollum ta yi wa jarumin labarin, Bilbo, alkawarin kyautar zobe in ya cinye ta a wasan kacici-kacici, suka kuwa rabu lafiya. Da marubucin ya shiga babban labarin da ya biyo baya, wanda ya fito a 1954 da 1955, sai zoben ya zama mugun abu mai mallake zuciyar mai riƙe da shi. Irin wannan zobe ba wanda zai ba da shi kyauta. Domin haka ya sake rubuta surar, aka buga sabuwar a 1951. Littafi biyu suka shiga hannun jama'a suna ƙaryata juna. Tolkien bai ce ai ƙage ne, kome ya yi daidai ba. Ya nemi dalili a cikin labarin kansa, ya ce Bilbo ne ya fara ba da labarin ƙarya, domin zoben ya riga ya fara cin zuciyarsa. Bayan rasuwarsa ɗansa Christopher ya tattara takardunsa ya buga su littafi goma sha biyu tsakanin 1983 da 1996, aka ga yadda uban ya yi ta sake sunaye da shekaru, masu musu kuwa suka sami sabon abin yi.

Lewis ya rubuta littattafai bakwai na ƙasar Narnia, aka buga su tsakanin 1950 da 1956. Wanda ya ba da labarin halittar ƙasar sai a 1955 ya fito, na shida a jeri. Da wanne za a fara? A 1957 Lewis ya amsa wa wani yaro daga Amurka cewa mai yiwuwa ba wani babban bambanci. A 1994 masu buga littattafan suka sake musu lamba bisa jerin aukuwa, musun kuwa bai mutu ba. Ga mai labari ya ce ba kome, masu sauraro sun ce da kome. Wannan ya nuna cewa labari in ya shiga zuciyar jama'a ya bar hannun mai shi.

Ƙarar da ake kai wa masu musu

Mai ƙara yana da hujja. Kwanakin mutum kaɗan ne, ga gona, ga marasa lafiya, ga yara suna bukatar koyarwa. Manzo Bulus ma ya gargaɗi Timoti, a farkon wasiƙarsa ta fari, a kan mutanen da suka duƙufa ga labaran ƙage da lissafin kakanni wanda ba ya ƙarewa, ya kuma yi wa Titus irin wannan gargaɗi. Amma ya kamata a lura da dalilin da ya bayar. Abin da ya dame shi shi ne amfanin da itacen yake bayarwa: waɗannan maganganu suna haifar da jayayya, suna kawar da mutane daga ƙauna, wadda ita ce manufar koyarwa. Ma'aunin ke nan, da shi kuwa ya kamata a auna musun Kusugu. In an auna, za a iske yana da amfani na gaske.

Na fari, musu yana raya abin da shiru zai kashe. A ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu Larabci ne harshen makaranta da kasuwa da ofis. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na jami'ar Hartum ya buga littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take lanƙwasawa tana bin Larabci. Yaron da ya ji dattawa biyu suna ja a kan sunan maciji ya ji Daura da Gaya da Rano, garuruwan da bai taɓa gani ba, ya ji guga da maƙeri da kuyanga, kalmomin da ba zai ji a makaranta ba. Labarin da aka ba da shi sau ɗaya aka yi shiru yakan shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Wanda aka yi faɗa a kansa shi ake tunawa.

Na biyu, musu makarantar gaskiya ce. Wanda ya tambaya ina maciji ya san Juma'a yana koyon gwada magana da magana, da bambanta abin da aka gani da abin da aka ji. Wannan aiki ne alƙali yake yi da shaidu, shi ne kuma dattijo yake yi sa'ad da ma'aurata suka kawo ƙara. Labarin kansa yana koyar da haka. Da gari ya waye aka ga maciji a mace, mutane da dama suka ce su ne suka kashe shi, sai sarauniya ta ce a kawo kan. Wanda ya saba neman kan maciji a cikin labari ba zai yi saurin gaskata jita-jita a kasuwa ba.

Na uku, musu yakan zama igiyar zumunci. Bahaushe ya san wasan da yake tsakanin Kanawa da Zagezagi, da Gobirawa da Yarabawa, da Fulani da Barebari. Mutum biyu su yi ta zolayar juna, su tashi sun fi ƙaunar juna. Baƙi a ƙasar baƙunci suna bukatar abin da za su ja a kansa ba tare da jini ya zuba ba. In Bakano ya ce takobi ne, Bakatsine ya ce wuƙa ce, duk wanda ya ci ba wanda ya yi hasarar kome, gobe kuwa za su sake zama a tabarma ɗaya.

Inda wasa yake zama faɗa

Bahaushe ya yi wa tatsuniya ƙofa biyu. Ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", ana rufe ta da "ƙurunƙus". Tsakanin ƙofofin nan Gizo yana iya yi wa Ƙoƙi kowace irin dabara, ba mai kai ƙara, gama kowa ya san inda yake. Labarin Bayajida ba shi da waɗannan ƙofofi. Yana da maciji mai suna kamar tatsuniya, yana kuma da sunayen garuruwan da suke nan har yau, rijiyar ma tana nan a Daura ana zuwa kallo. Yana tsaye a kan iyaka, haɗarinsa ke nan, domin mutum yana iya ɗauko abu daga cikin almara ya fito da shi waje ya doki ɗan'uwansa.

A dubi kalmar nan, Banza Bakwai. Musu a kan ko su wane ne a jerin yana da daɗi ga wanda ba ya ciki. Amma Bazamfare da Bakabe, waɗanda Hausa ce harshensu na nono, da Bagwari da Banufe da mutumin Kwararrafa, me suke ji sa'ad da aka ce kakarsu kuyanga ce, su kuwa banza ne? A nan labari ya daina ba da daɗi, ya koma tsani, wani a sama wani a ƙasa. Tsanin kuma yana juyawa bisa ga mai riƙe da alƙalami. Muhammadu Bello ɗan Shehu, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo wata riwaya wadda ta ce Bawo kansa bawan Sarkin Borno ne. Wanda ake kira ɗan sarauniya a Daura ya zama bawa a wani littafi. Farfesa Abdullahi Smith na jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi bayani a 1970 cewa biranen Hausa daga cikin ƙasa suka tsiro, labarin kuwa ba shaidar asalin al'umma ba ne. Labarin ma bai musa ba, gama Bayajida ya iske gari da sarauniya da maƙera da rijiya da harshe.

Abin mamaki, daga Neja har Nilu kusan kowane gidan sarauta yana da baƙonsa daga gabas. Saifawan Borno sun ce daga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman suka fito. Sarakunan Funj, waɗanda suka mulki Sinnar daga 1504 zuwa 1821, sun danganta kansu da Banu Umayya. Ja'aliyawan bakin Nilu suna kai asalinsu ga Abbas, baffan Annabin Musulunci. Hausawan da suka je Sudan sun matsa kusa da inda labarinsu ya ce kakansu ya fito, amma suka iske waɗansu da nasu jerin kakanni, a wannan tsani kuwa Fallata ne a ƙasa. Abin da Bahaushe ya yi wa Bagwari da baki, shi aka yi masa.

A Sudan abin bai tsaya a baki ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta sa sharaɗi cewa mutum, ko kakanninsa na wajen uba, su kasance mazauna ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Jama'ar Mai Wurno sun baro Burmi a 1903. 'Yan shekarun nan suka tsaya tsakanin mutum da takardar ƙasar da aka haife shi. Dokar 1994 ta mai da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma abin da ya zauna a zuciya bai bi doka ya sauya ba. A watan Yuli 2022 faɗa ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, wajejen Rusairis da Damazin, tsakanin Hausawa da waɗansu kabilun yankin. Hausawa sun nemi sarautar gargajiya tasu, waɗansu suka ce sarauta tare take tafiya da mallakar ƙasa, baƙo kuwa ba shi da ƙasa. Su ma masu faɗin haka suna da kukansu, gama manyan gonakin inji sun ci ƙasarsu, ƙarin tsawon madatsar Rusairis da aka gama a 2013 kuma ya tashi ƙauyuka da yawa. Hukumomin lafiya sun ƙirga matattu fiye da 100 a watan nan. A Oktoba faɗa ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa wajen mutum 200 cikin 'yan kwanaki, dubbai suka bar gidajensu. Wa ya fara zuwa, a wace shekara? Tambayar da ake yi da dariya a kan Bayajida ita ce aka yi da makami.

Ma'auni

Daga nan za a ga cewa kuskure iri biyu ne. Akwai mai ɗaukar almara ya mai da ita takardar gona, ya ce kakana ɗan sarauniya ne, naka ɗan kuyanga, domin haka ka durƙusa. Akwai kuma mai ɗaukar tarihi ya mai da shi almara, ya ce duk labari labari ne, kowa ya faɗi nasa. Na biyun ma mai laifi ne. Burmi ba tatsuniya ba ce, ranarta sananniya ce, wanda ya murɗe ta ya cuci waɗanda suka mutu da waɗanda takardarsu ta rataya a kanta. Inda akwai shaida, wajibi ne a bi shaida, ko da ta ɓata wa mai binta rai. Gaskiya dokin ƙarfe ce.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san wannan bambanci. Ba wanda yake tambayar sunan mai masauƙin da Basamariyen nan ya kai wa mai rauni, ko shekarar da abin ya faru, gama misali ne, gaskiyarsa tana cikin abin da yake koyarwa. Amma Luka ɗin da ya rubuta misalin, da ya zo kan fitowar Yahaya Mai Baftisma, sai ya sa shekarar sarautar Kaisar da sunayen masu mulki, domin wannan tarihi ne. Sun kuma san haɗarin lissafin da aka rubuta a gefen shafi. A 1650 Akbishop James Ussher na Ailan ya tara shekarun kakanni ya ce an halicci duniya a 4004 kafin haihuwar Almasihu. Daga 1701 aka riƙa buga wannan lamba a gefen Littafi Mai Tsarki na Turanci, har mutane da yawa suka zaci Nassi ne. Haka 999 na Palmer ya shiga littattafan makaranta kamar Kanawan dā ne suka rubuta shi. Lissafin mutum aiki ne mai kyau, muddin an tuna cewa na mutum ne.

Amma ko shekarar gaskiya tana da iyaka. A ce an tabbatar ba shakka cewa kakan wani ya riga kakan wani zuwa da shekara ɗari. Wannan yana iya taimakon alƙali wajen raba gona, ya kuwa kamata a ji shi. Ba zai iya nuna cewa jinin ɗaya ya fi na ɗaya araha ba. Yaron da aka haifa a kambo bai zaɓi shekarar da kakansa ya haye Nilu ba, kamar yadda Karɓagari bai zaɓi uwarsa ba. Darajar mutum daga Mahaliccinsa take, ba ta jiran a gama lissafin kakanni.

Saboda haka wanda ya sami kansa a tsakiyar irin wannan musu, a Mai Wurno ne, ko a Kano, ko a harabar majami'a bayan sujada, yana da tambayoyin da zai yi wa zuciyarsa. Wace irin magana ce wannan, almara ce ko tarihi? In ya yi nasara, akwai wanda zai koma gida da ƙanƙanci saboda haihuwarsa? In an kayar da shi, zai iya sa hannu a akushi ɗaya da wanda ya kayar da shi? In amsoshin sun yi kyau, sai ya ja da ƙarfinsa, ya kawo hujja, ya kuma bar yara su saurara. In ba su yi kyau ba, ya tuna magana zarar bunu ce, ya kama bakinsa.

Yaƙin da ya tashi a Sudan a watan Afrilu 2023 ya kai Wad Madani a Disamba na shekarar, ya kai yankin Sinnar a 2024. Ya kori Balarabe da Bahaushe da Bafunje ba tare da ya tambayi asalin kowa ba. Masu takarda da marasa takarda suka tsaya a ƙofar waɗansu mutane suna neman masauki da ruwan sha. Masu musun takobi da wuƙa da Juma'a sau da yawa sukan tsallake wannan sashi na labarin, alhali kuwa duk riwayoyin sun yarda da shi. Baƙo ne ya iso da dare, bai iya harshen garin ba, tsohuwa ta buɗe masa ƙofa ko da yake ba ta da ruwan da za ta ba shi. Shi kuma bai zauna yana lissafa kakanninsa na Bagadaza ba, ya ɗauki guga ya tafi inda wahalar garin take. Da safe sarauniya ta tambayi wanda ya buɗe wa jama'a rijiya, aka kawo shi, ta ba shi wurin zama. Wanda ya haddace sunayen Bakwai da Bakwai, ya kuma daidaita shekarunsu, amma ya rufe wa baƙo ƙofa, ko kuwa shi baƙon ya ƙi ɗaukar guga, har yanzu da sauransa a sanin labarin Kusugu.